Yadda Ake Ɓoye Aksul ɗin Ford a Ƙarƙashin Motar Suruki

In ka bi waɗannan matakai a tsanake, na ba ka tabbacin za ka canza aksul ɗin tsohuwar motar surukinka, wato ƙarfen nan da ke juya tayoyin baya, kuma a ci gaba da gayyatarka gashin naman Lahadi. Rowan maƙwabcina ya bi su. Ga shi nan da ransa, da matarsa.

Mataki na 1: Karya na asalin

Ba a canza abu yana lafiya. Jira surukinka ya ba ka ajiyar motarsa. Baba Clive, surukin Rowan, ya ba shi motarsa ƙirar Holden, Monaro ja, ya ce in ya riƙe ta da amana ta zama tasa. Ka tuna gidan da ka yi aure: masoya Holden ne, ba a ambaton kishiyarta Ford a teburinsu. Mama Noreen, matar Baba, ta taɓa sallamar mai gyaran famfo tun daga ƙofa saboda motar da ya zo da ita.

To, fita bayan gari ka nuna wa abokai yadda taya ke hayaƙi. Rowan ya nuna. Wani abu ya ce ƙwas, inji na ruri, mota na tsaye.

Mataki na 2: Gane abin da kake saya

Leƙa ƙarƙashi. Aksul ɗin wannan Holden ɗin yana da murfi a baya, da notuna goma kewaye. Na Ford sanƙo ne, sumul, ko noti ɗaya babu.

"Irin naka ya ƙare," in ji Glenys mai filin matattun motoci. "Ga na Ford. Ko sakarai irinka ba zai iya karya shi ba."

"Surukina zai binne ni," in ji Rowan.

"Yaushe rabon Clive da durƙuso?"

Riƙe wannan: rabin asiran duniya ciwon gwiwar tsofaffi ne ke rufe su.

Mataki na 3: Yi wa sanƙon kitso

Auna faɗi da tef, ba da hannuwa ba, a rage, a ɗaura. Ramukan notin wilin Ford sun fi matsewa, don haka nemi wili biyu masu kama da na gaba. Sannan ɗauko notuna goma ka manna su da gam, ka fesa baƙin fenti, ka watsa laka.

Tegan matar Rowan ta same shi a kai.

"Me ya sa kake shafa wa motar Baba laka?"

"Tana hana tsatsa."

"Ban gan ka ba, ban aure ka ba," ta ce, ta ja ƙofa.

Mataki na 4: Manta da tayar safaya

Wannan ba sai an koya maka ba. Kowa yana yi.

Mataki na 5: Kwashi surukai zuwa baje kolin motoci

A hanyar garin Mudgee tayar baya ta yi faci. Mama Noreen ta ƙi fita, ta ce ƙudaje. Baba Clive ya zauna kan kula, ya kara safaya. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Rowan ya tsaya yana nazarin tumakin da ke bayan shinge kamar zai saye su.

Tsohon ya zura sandarsa ƙarƙashi ya ɗan ƙwanƙwasa. Noti ɗaya ya faɗo, ya gangaro, ya kwanta a gabansa da gam a gindi.

"Lafiya, Clive?" in ji Mama daga ciki.

Baba ya ɗora takalmi a kan notin. "Safayar ce ta lanƙwashe."

Mataki na 6: Yi shiru

Nan ne gwanaye ke faɗuwa. Rowan ya buɗe baki zai rantse, tsohon ya jawo shi da kan sanda.

"Gam?" ya raɗa masa. "Walda ake yi, yaro. Ramukan kuma sake huda su ake yi, don safaya ta shiga."

"Baba, ya aka yi ka..."

"Akori-kurar da ke gida, na Ford ne a ƙarƙashinta. Tun kafin a haifi matarka. Kuma Mamanku ce ke wanke ta duk Asabar, tana mata waƙa."

"Motar fa?" in ji Rowan.

"Taka ce mana. Ina zan kai ta yanzu? Ka tona ni, in tona ka, mu raba bargo a gareji."

Sanarwa

Ban ce kowa ya yi komai ba. Duk abin da ya karye, aksul ne ko aure, na mai shi ne. Ban san Rowan sosai ba, gaisuwa ce kawai ta kan shinge. Abu ɗaya da ban samo wa mataki ba har yau: gwiwoyin Mama Noreen ƙalau suke, kuma jiya na hango ta ta nufi garejin Rowan da tocila.