Jakin da Ya Kashe Ɗan Ige

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran labarai, da abin da na yi wa kaina a shekarar ƙidayar jama'a, bayan samun mulkin kai. Lokacin na gama firamare ke nan, ina yawo a kasuwar Illela da biro a aljihun gaba (ko ba abin rubutawa, dai a gani). Aka ɗauke ni malamin ƙidaya, aka kuma ce wanda aikinsa ya yi kyau za a ba shi malanta a ofishin hakimi. Wallahi na so aikin nan kamar raina.

Aka ba ni wani ƙauye can bayan Araba. Doka ita ce a shiga gida-gida a ga mutane da ido. Na yi gida huɗu, rana ta dafa ni, wata tsohuwa kuma ta kore ni, wai ba a ƙirga 'ya'ya. Sai dabara ta zo mini. Ai mai gari yana da littafin haraji, kowane magidanci na ciki! Na aro shi, na zauna gindin tsamiya na kwafe tas. Mata da yara kuwa na raba wa kowa daidai yadda sunansa ya yi mini kama da mai hali. Wanda aka rubuta ya rasu, na tsallake shi. Kwana biyu na gama, har ina tausayin sauran malamai.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ashe a bakin iyaka mutum kan mutu a littafi in haraji ya gabato, ya tsallaka Ƙonni ya sha iska, ya dawo da ransa bayan an gama.

Ana nan sai ga mai duba aiki daga Sakkwato, Malam Bello, dogo marar fara'a. Ya ce mu zaga. Muka tsaya ƙofar wani gida, wani dattijo na zaune kan buzu yana gyaran akumarin jaki, maƙwabta na kewaye da shi. Malam Bello ya tambayi gidan wa ne, aka ce na Ɗan Ige. Ya duba takarduna.

"Ina Ɗan Ige cikin wanga lissafi?"

"Ranka shi daɗe, ai ya rasu bara," na ce. Don in nuna na san mutanena, har na durƙusa gaban dattijon. "Baba, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Ɗan Ige."

Dattijon ya kalle ni, ya kalli mai duba aiki, ya ce, "Amin." Maƙwabta suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa na ɗauka kuka ne.

Da na yi shiru nan, da na tsira. Amma ina! Malam Bello ya juyo gare ni ya ce, "Mi yak kashe shi?"

"Jakinai yah harbe shi, ranka shi daɗe. Da ni anka yi jana'iza."

Dattijon ya yi wurgi da akumari ya miƙe tsaye.

"Jaki? Ni? Shekara arba'in ina koran jakkai tsakanin nan da Ƙonni, ba wanda yat taɓa ɗaga min ƙafa! Na yarda in mutu, amma ba mutuwar jaki ba. Rubuta, ni na Ɗan Ige, in haraji na a zo a amsa!"

Wurin ya kece da dariya, har mata na leƙowa ta kan danga. Ni ina durƙushe, hannuwana a sama ban ko shafa addu'ar ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Malam Bello bai yi faɗa ba. Ya karɓi takarduna, ya yaga, ya ce in sake daga gidan farko, a ƙafa, shi kuma Ɗan Ige ya raka ni tunda ya san hanya. Kwana tara muna yawo, kowane gida sai ya gabatar da ni: "Ga wanda yay yi min sutura." Malantar ofishin hakimi kuwa wani yaro ɗan garin Lafani aka ba, ni na koma taya babana awon gero.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa mutum ta'aziyya, fara tambayar sunansa.