Rasuwar Ɗan Azumi, Ma'aunin Shatonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tanki a sama da ban san ko cike yake ko wayam ba, ni Cha'ibu, mai kula da shaton garinmu, wato hasumiyar tankin ruwa da ke kan hanyar Hawandawaki, nake sanar da jama'ar Tasawa da Mayahi rasuwar abokin aikina, ma'aunin ƙarfin ruwa da aka fi sani da Ɗan Azumi. Ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha huɗu a kan bututu.

Marigayi ya zo mana cikin azumin 2010, shekarar da gero ya ƙi, soja kuma na kan mulki. Ga shi ya tafi ya bar su a kai, bai taɓa tofa albarkacin bakinsa ba. Aikinsa guda ne. Yana manne a gindin shato yana jin nauyin ruwan da ke sama, ya aika labari ta waya ɗaya zuwa akwatin inji. In ruwa ya yi ƙasa sai ka ji "ƙas!", famfo ya tashi. In ya cika, "ƙas!", ya tsaya. Kafin zuwansa ni ne ma'aunin: in hau tsani mai taki arba'in da biyu da gora a hannu, in tsoma, in sauko gwiwata na kuka.

Duk tsawon zamansa da ruwa bai taɓa kurɓar ɗigo ba, sunan kuwa ya bi shi. Ba ya ƙarya, bai san mai gari ba, bai san baƙo ba. A bazarar da Alhassan makiyayi ya sauko da raƙumansa suka yi kiciɓis da jarkokin Habsatu, shugabar matan gari, har an fara ɗaga murya, lambar da ke fuskar marigayi ce ta raba gardama. Kowa ya ga abin da ya rage da idonsa, mata suka ɗauki safe, dabbobi suka ɗauki yamma.

Game da jinyarsa, dole in faɗi gaskiya ko da za ta tona ni. Shekara biyu da suka wuce Saudatu, ma'aikaciyar gyara daga Maradi, ta zo da ordinatarta, wato kwamfuta, ta jona masa, ta zuba masa sabon karatu a ka. Daga ranar ya iya duba lafiyar kansa. In yashi ya toshe ƙaramin bututunsa, ko laima ta shige shi, zai kunna jar fitila ya rubuta ciwon a fuskarsa da Faransanci. Ta yi mini bayani tiryan-tiryan, ina ta gyaɗa kai, hankalina na kan shayin da na ɗora.

Bayan daminar da ta wuce sai ya soma: "tsit, tsit, tsit," jar fitila na ƙyafta ido. To, mu nan ba a yi mana tarbiyya haka ba. Mara lafiya ko numfashi yake ja da ƙyar, ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce maka. Mahaifina da sauƙi ya yi ta cewa har ranar da ya koma. Sai na ɗauka sabon karatun nan raki ya koya wa Ɗan Azumi. Na yi masa faɗa bai bari ba, na ɗauko tsohuwar hulata na kifa masa. Habsatu har ta yaba yadda ta karɓe shi.

Wata uku yana kira daga cikin hula. Da ya yi shiru, Saudatu ta zo ta cire ta, ta karanta abin da ya adana a ƙwaƙwalwarsa: laima a kai, ya faɗa sau casa'in da ɗaya, kowace rana da kwanan watanta. Robar murfi kaɗai ya so a sake masa. Ta dube ni, ta dubi hular, ta shiga tattara kayanta. Wallahi na fi son ta zage ni.

Ya rasu ya bar famfo, wanda yanzu bai san lokacin tashi ba sai na taɓa shi, da ƙanensa ma'aunin gudun ruwa da suke waya ɗaya, da raƙuman Alhassan da ba a faɗa musu ba tukuna.

Za a naɗe shi a kwalin da ya zo ciki, a sa shi motar kasuwa ranar Lahadi zuwa Maradi. Hular za ta raka shi, don ni ba ni da fuskar sake sa ta. Magajinsa sai bayan kwana arba'in. Kafin nan ana karɓar gaisuwa a gindin shato safe da yamma. Wanda ya zo bai gan ni ba ya ɗaga kai, ina kan tsani da gorata. In na sauko kuka tambaye ni gwiwa, ku nemi wurin zama, don ba zan ce da sauƙi ba.