Ranar Da Na Ciyar Da Mai Sa Ido Kifin Ɗan Kwangila

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarar da aka mayar da ni sashen sayayya na ƙaramar hukumarmu, nan ƙasar Haɗejiya. Har yau in na tuna sai in yi istigfari, sannan in yi dariya (wani lokacin ma dariyar ke rigan istigfarin, Allah Ya yafe mana).

Ruwa ya fara janyewa daga fadama, hukuma kuwa ta yanke shawarar saya wa manoman rani injinan ban-ruwa. In injinan ba su iso kafin dashe ba, shekarar ta wuce su ke nan. Ni ne sakataren kwamitin da zai zaɓi ɗan kwangila.

Kafin nan, ƙungiyar ƙwararrun jami'an sayayya, wadda na shiga da ƙyar bayan jarrabawa, ta yi mana bita. An koya mana yadda ake tallata kwangila, da yadda ake buɗe takardun masu nema a gaban kowa, aka kuma jaddada cewa jami'i ba ya karɓar ko allura daga mai nema. Na rubuce komai da ajami, don hannuna ya fi sauri a nan, ina ta gyaɗa kai, ina tuno wasu abokan aiki da ya kamata su ji wannan wa'azi.

Ana gobe buɗe takardu, na dawo daga La'asar na tarar da ƙaton kifi, ragon ruwa, kwance cikin daro. Maiɗakina ta ce daga gidan Alhaji Bukar aka aiko. Alhaji Bukar maƙwabcinmu ne tun zamanin iyaye, kuma yana cikin masu neman kwangilar. Na san za ku ce ai a nan ya kamata in farga. To, a garinmu kifi gaisuwa ce. Yana shiga gidaje kamar sallama, ba mai tambayar dalili. A raina, abin da aka hana a bita shi ne ambulan da mota da kujerar Makka. Sai na ce, "Alhamdu lillahi, ga abin tarbar baƙo. A yi farfesu gobe."

Baƙon shi ne Malam Isa, dattijo mai sanyin magana, wanda ƙungiyar ta turo ya sa ido a kan aikin. Da safe ya tambayi kowane ɗan kwamiti ko ya karɓi wani abu daga masu nema. Da aka zo kaina na ɗaga murya na ce, "Ko ƙwayar gero!"

Aka tashi sallar Azahar kafin a buɗe takardu. Da muka dawo zauren taro, na ajiye kular farfesun gaban Malam Isa, 'yan kwangila na zaune a benci suna jira. Ya yi bismilla, ya kai loma, ya lumshe ido.

"Malam, wannan kifi ba na kasuwa ba ne. Ina ka samo shi?"

Ni kuwa daɗin yabo ya ɗebe ni. Na miƙa hannu har da nuni na ce, "Ai ga mai alherin can. Alhaji Bukar, tashi a gan ka mana!"

Alhaji Bukar bai tashi ba. Sai ma ya ja hula ta rufe masa goshi. Cokalin Malam Isa ya tsaya tsakanin kula da baki. Hajiya Talatu, 'yar kwangila daga Kafin Hausa, ta gyara mayafi ta ce, "To Malam, mu da ba mu da kogi a bayan gida, mu kwashe takardunmu mu tafi ke nan?"

A nan ne hankalina ya dawo, ya tarar da ni tsaye da hannu a miƙe. Na san in Hajiya ta kai ƙara za a soke komai a sake talla, manoma su rasa dashe, sunana kuma ya zama na mutumin da ya sayar da noman rani a kan kifi ɗaya. Na fara kame-kame: "Wallahi maƙwabtaka ce... tun kakanni..."

Malam Isa ya ajiye cokali a hankali ya ce, "Zauna, Malam. Ba kai ne farau ba, a wata jiha ma zabbi ne. Ƙungiya ta tanadi hanya. Ka bayyana abin da ka karɓa a gaban kowa, ka fita daga kwamitin, wani ya riƙe alƙalami, ka kuma mayar wa Alhaji irin kifinsa yau ɗin nan." Ya dubi kular ya ƙara da cewa, "A rubuta ni ma na ci. Loma mai daɗi kuwa."

Zaure ya fashe da dariya. Malam Isa ya tambayi Hajiya Talatu ko ta gamsu. Ta ce, "Na gamsu, amma a rufe kular nan, ƙamshin na iya sauya hukunci."

Aka buɗe takardu ina waje a kan dakali, kamar mai jiran biza. Da yamma na je bakin kogi na sayo ragon ruwa, na rungumo shi da kaina har ƙofar Alhaji Bukar. Ya karɓa yana cewa, "Malam, da ka yi shiru ai da mu biyu mun huta." Kwangilar ba shi ya samu ba, ba kuma Hajiya ba. Injinan dai sun iso kan lokaci, aka yi dashe lafiya, na yi nafila ta godiya.

Abin da na koya shi ne, dokar da mutum ya fi gyaɗa wa kai a bita, ita ke jiransa a tsakar gidansa. Yanzu ko kunu aka aiko, kafin in yi bismilla sai na tambaya, "Daga gidan wa, kuma me yake nema a ofis?" Maiɗakina ta ce na zama ɗan sanda. Na ce mata hakan ya fi min sauƙi da in sake ratsa unguwa rungume da kifi.