Yadda Sallau Ɗan Nomau Ya Juya Layin Tashar Rafin Marke

Da sunan Mai fito da rana daga gabas ba tare da ta nemi izinin kowa ba muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadaukai, Sallau ɗan Nomau mai tura kura, ɗan Barau mai jakai bakwai, ɗan Jatau wanda maruwaita suka haɗu a kan cewa shi ne farkon wanda ya shiga jirgin ƙasa a duk zuriyarsu, ko da yake sun yi saɓani a kan ko ya sayi tikiti. Gida ne da tun fil azal ba a taɓa rasa mai kwasar kayan wani zuwa wani gari a cikinsa ba. Daga wannan tsatso mai albarka Sallau ya fito: zakin asuba, mai riga ladan tashi, dodon ramukan hanyar Kano, angon Tabawa, ma'abocin farar motar nan mai cin mutum bakwai wadda ake wa laƙabi da Kurciya, mai ƙofa huɗu, uku daga ciki suna buɗewa.

Ka sani, ya kai mai karatu, tun kafuwar tashar Rafin Marke dokarta ɗaya ce: motar da ta fara shigowa ƙofa da safe ita ke fara lodi. Motoci goma sha biyu ne ke zuwa Kano daga nan, kuma Dogara kamasho ne ke rubuta sunayen direbobi da alli a jikin allo bisa yadda suka shigo. Wanda ke saman allo shi ke kwashe 'yan kasuwa masu sauri, motarsa ta cika tun shayi bai huce ba, ya je ya dawo ya sake wani lodin kafin azahar. Na ƙasan allo kuwa sai dai ya kwanta a ƙarƙashin motarsa yana korar ƙuda har rana ta take. Shekara ashirin da uku sunan Sallau ne a sama, har alli ya kama katako, Dogara ma ya daina gogewa. Sallau ba shi da gona, ba shi da sarauta, bai je Makka ba. Wannan layi ɗaya na saman allo shi ne gadonsa, shi ne rawaninsa, da shi kuma yake ciyar da gidansa.

Fitina ta faro ne daga akwatin talabijin da ciyaman ɗin direbobi, Alhaji Mantau, ya kafa a rumfar ƙungiya domin kallon ƙwallo. Wata Lahadi da 'yan ƙwallon Turai suka tafi hutu, ana cikin laluben tashoshin talabijin sai aka faɗa kan tseren motoci na duniya: motoci ashirin, kowace a kwance da ƙasa kamar ƙadangare, kujera ɗaya tal, ba but, ba wurin ɗaure akuya. Da farko an yi musu dariya. An ce ina hankali a mutum ya ƙona mai awa biyu yana zagaye, ya dawo inda ya tashi, bai sauke fasinja ko ɗaya ba? Amma kafin mako uku tasha ta rabu runduna-runduna. Sallau ya yi mubaya'a ga wata koriyar mota da kullum ke zuwa ta ƙarshe, saboda a cewarsa direbanta yana da tarbiyya, ba ya gaggawa. Cindo kuwa, wani matashin direba mai nauyin barci wanda sunansa ya saba da ƙasan allo, ya bi shuɗiyar motar da ke cinyewa kowane mako.

Ana haka, ranar wata Asabar bayan la'asar, Cindo ya ɗaga wayarsa sama ya karanta wa jama'a cewa manyan masu shirya tseren za su zauna su duba sauye-sauye uku: a ƙara wa batir ƙarfi a cikin inji har ya raba aiki da fetur, a wajabta canza taya sau biyu a kowane tsere, sannan a juya layin tashi, wanda ya fi kowa gudu a gwajin ranar Asabar a mayar da shi can baya, na baya ya dawo gaba.

Nan take aka daki gangar muhawara. A mas'alar batir, Sallau ya yanke fatawa cewa an halicci batir ne domin tayar da mota da kunna fitila, duk abin da ya wuce haka shisshigi ne. Aka yi ta musayar hujjoji da burhanai har mai shayi ya bar tukunyarsa ta ƙone. A mas'alar taya ba a zubar da jini ba, domin duk rundunonin sun yi ijma'i cewa cire tayar da ba ta fashe ba almubazzaranci ne, kuma mutanen da ke canza taya huɗu kafin ka ƙifta ido ya kamata a turo ɗaya daga cikinsu ya yi wa mai facin Rafin Marke wa'azi. Waɗannan duk share fage ne. Babban gumurzu yana kan mas'ala ta uku.

A nan ne gwarzon ya miƙe. Ya hau kan benci, ya gyara hularsa, ya dubi gabas ya dubi yamma, zuciyarsa cike da takaicin makonni tara da koriyar mota ta yi tana shaƙar hayaƙin 'yan uwanta, ya buɗe baki da murya irin ta masu kiran fasinja:

"Jama'a, wanda aka ajiye a gaba ai ko amalanke aka ba shi sai ya ci! Direban gaskiya daga baya yake fitowa. A juya layi!"

Rumfa ta ɗauki sowa. Masu koriya suka yi ta buga benci, wani ya ɗaga hannun Sallau sama, mai rake ya miƙo masa guda kyauta. Da tarihi ya tsaya a nan da mun rufe littafi muna murna. Sai dai Cindo, wanda ke jingine da ginshiƙi yana sakace, ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya saki kibiyarsa cikin ladabi:

"Baba Sallau, Allah ya ƙara girma. Shekara ashirin da uku kana saman allo. Ashe ke nan ba tuƙi ka fi mu ba, tashi da wuri ka fi mu?"

Maruwaita sun ce har talabijin sai da aka rage wa murya. Hanyoyin tsira a buɗe suke a gaban Sallau: yana iya cewa tsere daban tasha daban, yana iya cewa yaro ba ya sa baki a maganar manya, yana ma iya tuna cewa bai yi alwala ba. Ni mai rubuta wannan tarihi na so ƙwarai a ce ya bi ɗaya daga ciki. Amma mutum ne a kan benci, da rake a hannu, idon direbobi goma sha ɗaya a kansa, kuma jinin Jatau yana tafasa a jijiyarsa.

"A juya namu ma!" in ji shi. "Ku sa ni a baya ku gani!"

Alhaji Mantau bai ɓata lokaci ba, ya ce a kaɗa ƙuri'a: daga Litinin, sai motoci sha biyu sun hallara, sannan a fara lodi daga wadda ta shigo ƙarshe. Hannaye goma sha ɗaya suka tashi sama tun bai rufe baki ba. Na sha biyu hannun Sallau ne, ya tashi a hankali, ya tsaya daidai kunne.

Ranar Litinin jikinsa ya tashe shi kamar yadda ya saba, ya shigo tasha shi kaɗai. Yana zaune a cikin Kurciya ya ga Dogara ya zo da tsumma da ruwa ya hau goge sunan nan na sama. Sunan ya ƙi fita, sai da aka haɗa da toka da soso. Aka rubuta shi a can ƙasa, inda allon ya fara rubewa. Ƙarfe takwas Cindo ya shigo da shatin matashin kai a kumatunsa, ya kwashe 'yan kasuwa. Hajiyoyin da suka shekara goma suna zama a gaban Kurciya suka wuce ta gefenta da jakunkunansu, suna cewa, "Sannu, Malam Sallau," kamar masu gaisuwar mara lafiya. Layinsa bai zo ba sai bayan azahar, ya samu wani tsoho mai zuwa asibitin ido, da wata mata da bokitin daddawa biyu, da ɗalibai uku. Duk da haka ya tashi da niyyar cika alkawari, ya taka mota domin ya cim ma na gaba ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ya kuwa gamu da su duka, sai dai suna dawowa ne. Cindo har ya haska masa fitila. Abin ya yi wa Sallau ciwo matuƙa, ya koma gida bai taɓa tuwo ba.

Haka aka yi Talata, aka yi Laraba. Ranar Alhamis Cindo ya sake ɗaga waya ya karanta wa rumfa cewa manyan can sun zauna, sun tashi, sun ɗage maganar juya layi, saboda tsoron kada direbobi su riƙa rage gudu da gangan ranar gwaji don a sa su a gaba. Sallau ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya tafi wurin ciyaman ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, su kansu masu abin sun fasa."

"Su can da tasu dokar, Sallau," in ji Alhaji Mantau. "Mu nan mun kaɗa ƙuri'a. Kuma in ban manta ba, kai ka kawo shawarar."

Aka sake kaɗawa don a fita haƙƙinsa. Sha ɗaya suka ce layi ya zauna a juye, ɗaya ya ce a'a.

To, amma sadauki ba ya barin fagen fama hannu rabbana. Daga cikin labarin da Cindo ya karanta Sallau ya tsinci makaminsa: idan direbobin duniya za su iya jinkiri da gangan, ɗan Nomau ma zai iya. Ya ɗaura ɗamarar yaƙin da bai taɓa yin irinsa ba, wato yaƙin makara, ya tsayar da Litinin mai zuwa ranar arangama.

Da asubar ranar ya dawo daga masallaci ya koma kan katifa, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Ya rufe ido, ido ya ƙi. Ya ƙirga azarar ɗaki ya sake ƙirgawa. Ya fita ya wanke Kurciya, ta bushe, ya sake wanke ta. A ranar ya gano cewa gidansa ma yana da safiya: ana dama koko, ana faɗa a kan takalmin makaranta, akwai wani zakara da bai san da zamansa ba. Ya zauna a tsakar gida yana duba agogo, zufa na keto masa, duk ƙugin motar da ya ji a titi sai ƙafarsa ta dama ta motsa. Tabawa ta share gabansa, ta share bayansa, daga bisani ta dogara tsintsiya.

"Malam, ko dai ka fita ko ka ɗaga ƙafa. Kuma ka sani garin masara ya ƙare tun jiya."

Ya jure har ƙarfe goma, juriyar da ya kamata a rubuta da ruwan zinare. Sannan ya hau Kurciya ya sa giya ta ɗaya, ya kama hanyar tasha wadda ba ta kai tafiyar minti biyar ba. Mai ruwa ya wuce shi da kurarsa. Wata tsohuwa mai tallan ƙuli ta wuce shi, ta waiwayo ta tambaya ko lafiya. Ya tsaya ya yi ta'aziyya a gidan da ya riga ya yi wa ta'aziyya, ya tsaya ya duba iskar tayoyi huɗu har da safaya. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata ya hango ƙofar tasha, farin ciki ya lulluɓe shi, ya leƙo da kai ta taga, ya danna ham, ya kurma ihun da aka ji har mahauta:

"Na ƙarshe ya iso! Dogara, ɗauko alli!"

Ya kutsa kai cikin ƙofa.

Babu mota ko ɗaya a tashar. Fasinjoji ne kawai jibge a kan buhunansu tun safe, fuska a murtuke, da Dogara a kan benci da allo wanda ba a rubuta komai a kai ba. Sallau bai gama fahimtar abin da idonsa ke gani ba sai ya ji ƙarar injuna a bayansa. Daga bayan gidan mai, daga ƙarƙashin mangwarorin makarantar firamare, daga lungun masu faci, motoci goma sha ɗaya suka sulalo, domin duk wanda ke rumfa ranar Alhamis ya ji abin da Sallau ya ji. Suka taru a bakin ƙofa suna taka birki, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa hannu: "Bismillah, wuce." "Haba, ai kai ne babba." Ba a taɓa ganin ladabi irin na wannan rana ba a tarihin direbobin ƙasar Hausa. Can a ƙarshensu ga Cindo, ya kashe inji, yana tura motarsa da kafaɗa, taku ɗaya ya huta.

Dogara ya tashi ya yi miƙa, ya durƙusa a gaban allo domin hannunsa ya kai can ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba Sallau," ya ce. "Yau ma kai ka riga kowa."

Iyakar abin da ya inganta daga maruwaita ke nan, Allah kuma shi ne mafi sani. Sun dai haɗu a kan cewa ya yi lodi bayan la'asar, mutum huɗu da buhun albasa, kuma ɗaya daga cikin mutanen a hanya ya sauka.