Kilishin da Na Cusa wa Jikata

Tun da maigidana Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, babu mai yaba girkina sai jikata Zainab. Ita ce ke rubuta wannan, tana danne dariya.

Da za ta yi gasar gudun daji karo na farko can bayan garin Manassas, irin wanda ake wuni ana yi, sai na ji ta ce dabinon Hajiya Rabi, kakarta ta wajen uba, shi ne guzurinta. Dabino! Abin da ko wuta bai gani ba. Na yi kukana, don da Malam yana raye da ya tsaya mini. Da safe na kwashe dabinon daga jakarta, na cusa kilishina mai yajin gaske. Na ce yau za a san wace ce kaka.

A tsakiyar tudu Zainab ta gatsi kilishin, ga gorarta ba ruwa. Ta iso wurin shan ruwa tana hawaye, sai ga Hajiya Rabi tsaye da farantin dabino. Ita aka rungume, da ita aka yi hoto.

Har yau in mun haɗu a masallaci sai Hajiya Rabi ta ce, "Hajiya, ina gajiya? Yajin ya sauka?"