Allon da Idon Inna Zai Gani

A garin Kanyar Maje an yi wani mutum da ake kira Nomau. Ya ba shekara talatin baya, ƙaƙƙarfa ne, ga haƙuri ga ladabi, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Matsalarsa guda ce: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya tsaya a bakin gona har ka dawo, ka kuwa manta, to gobe a nan za ka same shi raɓa ta jiƙa masa riga. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni dai ban cika son kalmar ba, don na sha ganin masu wayon da suka fi shi ɓarna.

Su uku ne a gidan: shi, da yayarsa Tasalla, da mahaifiyarsu Inna Kande. Mahaifinsu, Malam Bawa mai hoto, ya rasu shekara tara da suka wuce. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar mutanen garin hoto, amma nasa hoton ɗaya tak ya bari, ɗan ƙarami kamar kan babban yatsa, wanda aka ɓamɓaro daga wani tsohon kati. Inna tana ajiye shi a cikin gwangwanin man zafi, ta ƙulle a bakin zaninta. Ga shi idonta ya fara tafiya. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, kuma abin da ya rage mata shi ne ganin abu babba mai haske. An gwada mata hoton a waya, ya yi mata ƙanƙanta. An wanke shi babba a takarda, ta ce duhu kawai take gani. Ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, amma rannan ta ce tana son ta ƙara ganin fuskar Malam kafin idon ya rufe.

Tasalla ta yi shekara shida tana aiki a shagon buga takardu a birni, ta san kwamfuta ciki da waje. Ta ce za ta haɗa tata da hannunta, ta tebur mai babban allo, Inna ta ga Malam, sannan a adana hotunan da ya bari a akwatuna kafin gara ta ƙarasa su. Wadda aka riga aka haɗa ta fi ƙarfinsu, sai dai a riƙa tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya, duk ranar kasuwa a sayar da buhun riɗi a sayo ɓangare guda. Ana cikin wannan shiri ta faɗo daga kan babur, mai ɗori ya ɗaure mata ƙafa ya ce wata biyu ba ta ba hanya. Ta duba gabas ta duba yamma, ba wanda za ta aika sai Nomau.

Wata rana ta aike shi birni, shagon wani mai suna Hashimu, ya sayo firosesa, wato ɗan abin da ke yi wa kwamfuta tunani. Ta ja masa kunne: "Kada ka karɓa sai ka ga tana aiki da idonka." Hashimu ya fito da ita ya ajiye a kan tebur, 'yar falle kamar biskit. Nomau ya ja benci ya zauna ya zura mata ido. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Hashimu ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Jira nake ta fara aiki." Hashimu ya ce ai sai an haɗa ta da sauran kayan. Nomau ya ce ba a ce masa haka ba. Ya dawo gida hannu rabbana, ya shaida wa yayarsa cewa Allah ya tsare su, don abin ko motsi bai yi ba. Tasalla ta dafe kai, mako guda ya tafi a banza.

Wata rana, bayan an samu firosesar ta iso, sai ta rubuta masa sunan madabod, faffaɗan farantin da ake dasa sauran kayan a kansa. Ba kowace madabod ke karɓar kowace firosesa ba, don haka ta rubuta lambar ɓaro-ɓaro ta ce, "Hashimu za ka nuna wa, shi kaɗai, yau ɗin nan." Ya isa ya tarar da shago a rufe. Maƙwabta suka ce an yi wa Hashimu haihuwa, yau suna, amma su ma suna da kayan, ya kawo takardar su gani. Nomau ya cusa ta a aljihu ya dafe. Ya bi kwatance unguwa bayan unguwa har ya samu gidan, ya ratsa mutane ana tsakiyar addu'a, ya tsuguna a gaban mai gida ya buɗe masa takarda a fuska. Hashimu na shafa fatiha ya buɗe ido ya ga lambar madabod. Dariya ta kusa shaƙe shi. Ya sa aka cika wa baƙon kwano da waina, bayan an watse ya ɗauke shi a babur ya je ya buɗe shagon. A hanya ne ya tambaye shi me za a yi da kwamfutar, Nomau ya ba shi labarin idon Inna, Hashimu bai ƙara yin dariya ba har suka isa.

Wata rana aka aike shi ya sayo ram, 'yan sandunan nan biyu da ke sa kwamfuta ta yi sauri. Tasalla ta san halin kasuwa, ta san za a yi ta tallata masa abin da ba sa bukata, musamman katin nan mai tsada na masu wasan kwamfuta. Ta ce, "Duk abin da ba ya cikin takarda, ka ce ba ka so." Wannan karon nasiharta ta yi rana, don mutum uku suka tare shi da kati, kowa ya rantse kwamfuta ba ta tashi sai da shi, Nomau ya ce ba ya so. Sai dai bai tsaya nan ba. Hashimu ya ba shi kyautar kusoshi da wayar wuta, ya ce ba ya so. Ya miƙa masa ruwan sanyi, ya duba takarda, ya ce ba ya so. Ko ledar da za a saka masa kayan sai da ya ƙi, ya zo da ram ɗin a cikin hularsa. Inna ta ji labari ta yi murmushi ta ce, "Ku bar shi, babanku ma haka yake da tsayawa a kan magana." Ta faɗa tana kallon ƙyaure, a zatonta Nomau ne a tsaye a wurin.

Wata rana aka zo kan ma'ajiya, inda hotunan za su zauna. Tasalla ta zaɓi babba ta tsohon yayi mai faifai a ciki, don ta fi ɗaukar kaya da yawa. Irin wannan ba ta son bugu, don haka ta ce, "Kada ka bari ta girgiza a hanya." Nomau ya shiga mota a tasha, direba ya tayar, mota ta fara kaɗawa. Ya ce a tsaya. Ya sauka ya gwada babur, shi ma haka. Sai ya ɗora ma'ajiyar a tafin hannuwansa biyu, ya kama hanya a ƙasa, yana taku a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Kwana biyu ya yi a hanya. Ya iso ƙafafu a kumbure, leɓe a bushe, amma da fara'arsa, ya ce, "Yaya, ko sau ɗaya ba ta girgiza ba." Tasalla ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuka ya zo mata, don ta san babu mai yi mata irin wannan a duniya. Inna ta sa aka ɗora ruwa, ta laluba ta kamo ƙafafunsa tana gasa masa. Nomau ya lura ba ta kallon ƙafar, da hannu take neman inda ya fashe, abin ya tsaya masa a rai.

Wata rana kuma akwatin da za a zuba kayan a ciki aka aike shi nema. Garin da zafi, kwamfuta kuwa ba ta son zafi, sai Tasalla ta ce ya zaɓo wanda iska ke ratsawa ta ko'ina. Ya bi shaguna yana hura akwatuna da baki, yana sa hannu ta baya ya ji ko iska ta fito. Babu wanda ya gamsar da shi. A bakin tasha ya ga ana sayar da kejin kaji na waya, ya hura, iska ta wuce ba abin da ya tare ta. Ya sayo shi ya kawo a ka. Kajin Inna sun ji daɗin wannan aike. Tasalla dai ta buga wa Hashimu waya, ya ba direba akwati da abin raba wuta ya kawo, amma wani makon ya sake wucewa.

Saura allo da sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta. Tasalla ta ce a fara da allo. Ta gaji da rubuta lambobi, ta gaji da ƙafar, ta kuma tsorata da yadda Inna ta fara tuntuɓe da turmi a tsakar gida. Ta ce, "Nomau, ban san wanne zan ce maka ba. Kada dai ka sayo sai wanda idon Inna zai gani."

Wata rana da sassafe, Tasalla na barci, Nomau ya zauna yana juya maganar. Shi dai idonsa daban, na Inna daban. Ta yaya zai san abin da idon Inna zai gani in ba idon Inna ne ya gani ba? Ya je ya ce, "Inna, ɗauki mayafinki, an aike mu." Ya goya ta har bakin titi, tsohuwar da rabonta da mota tun rasuwar Malam. Ta yi amai sau biyu a hanya. Fasinjoji suka yi masa caa, wata mata ta ce wannan ɗa ba shi da imani. Shi dai yana riƙe da hannunta.

Hashimu na ganinsu ya miƙe tsaye. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa, ya juyo da fanka wajenta. Nomau ya ce, "Allon da idonta zai gani muke so." Hashimu ya kunna na farko, ta ce hazo take gani. Ya kunna na biyu, ta ce kamar akwai kore. Sai ya ce, "Inna, hoton Malam yana tare da ke?" Ta kwance bakin zani ta fito da gwangwani. Ya ɗora hoton a sikanar shagon, ya jona allon da ya fi kowanne girma da haske, ya tura ƙofa don hasken waje ya ragu, ya matso da kujerarta har numfashinta na taɓa gilashin.

Fuskar Malam Bawa ta cika allon. Inna ta zura mata ido. Ta karkata kai ta kalla da gefen idon da ya rage mata, ta ɗaga hannu ta bi gemun da yatsa. Can ta ce, "Ka ga hular a karkace. Kullum sai na gyara masa." Hawaye na zuba tana sharewa da sauri, don kada su tare mata gani. Masu saye suka taru a ƙofa, Hashimu ya ce su dawo gobe. Nomau ya sunkuyo ya ce, "Inna, wannan ya yi?" Ta ce, "Ya yi, ɗan nan. Bar ni tukuna."

Da suka dawo, rabin gari na ƙofar gidan, an nemi Inna har a rijiya. Tasalla, da sandarta a hammata, ta wanke Nomau tas a gaban jama'a. Ta ce da tsohuwar ta mutu a hanya fa? Wane irin mutum ne shi da ba a isa a yi masa magana kamar kowa ba? Ya sunkuyar da kai, da allon a rungume, bai san laifinsa ba amma ya ji zafin faɗan har cikin ƙashinsa. Inna ta ce, "Ki ƙyale shi haka," ta shige ɗaki. Kwana uku ta yi a kwance saboda gajiyar hanya, kwana ukun nan Tasalla ba ta yi wa ƙanenta magana ba.

Sai da aka ƙara mako uku kafin riɗi ya kawo sikana, aka gyara solar da ke ba gidan wuta, Tasalla ta zauna a tabarma ta dasa kowane abu a mazauninsa. Ta danna maɓalli, fankar akwatin ta juya, allo ya kawo haske. Duk abin da Nomau ya kawo ya yi aiki. Ta saka hoton, ta girmama shi, aka kamo hannun Inna aka zaunar da ita a gabansa.

"Inna, ga Baba."

Inna ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta ce, "Kin kunna?"

Tasalla ta ƙara haske har ƙarshe, ta rufe taga, ta matso da allon. Inna ta lumshe ido ta buɗe, ta girgiza kai a hankali. Tasalla ta kifa fuska a gwiwa ta fashe da kuka, tana cewa ta makara, duk lissafinta da iyawarta ta makara. Nomau ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, allon ne bai yi ba? In mayar?"

Inna ta laluba ta dafa kan 'yarta, ta miƙa ɗaya hannun wajen da ta ji muryar ɗanta har ya zo ya kama.

Ta ce, "Ba inda za ka mayar da shi. Ke kuma ki daina kuka. Ai na gan shi, yaron nan ya kai ni tun da sauran ido."