Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ya ƙi hucewa, Kafinta na ƙarshen layi yake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfutar da ke ɗauke da shafin shagonsa na intanet.

Maƙwabta na cewa injin niƙa ce, don gurnaninta. Matarsa na cewa ba ta iya komai ba sai tara ƙura. Shi kuwa ya san ta da riƙon amana. A ƙarƙashin benci take zaune, tana shaƙar garin katako, tana "grrr, tik" ba ƙorafi. A cikinta ya ajiye hoton kowane gado da kujerar da ya taɓa yi, ya rubuta bayaninsu da yatsa ɗaya, bayan ya koyi karatu da furfura a kansa.

Marigayiya ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi.

Ran nan aka buga sunan shafin, ya ƙi buɗewa. Sai ga ƙanin matarsa da tabarau, yana cewa, "Yaya, matsa gefe, wannan ba aikin guduma ba ne." Kafinta ya matsa, ya saurara kamar yadda ya saba. Gwanin ya goge komai, shafin bai buɗe ba. Ya farke cikinta da sukudireba, ta yi tartsatsi, ta ce "fit", shi ke nan.

Daga baya kamfanin intanet ya bayyana cewa lambar layin shagon ce aka canza, sunan shafin kuma yana ta kai mutane tsohuwar lamba. Gyaran da ba ya wuce shan ruwa! Lafiyarta ƙalau, tana zaune tana jiran baƙi, an tura su wani gida.

Ta rasu ta bar allo mai tsaga, da linzamin da ake sarrafa ta da shi, da wayoyi marayu. Hotuna kuwa ko ɗaya bai tsira ba.

Gobe da hantsi za a raka ta wajen mai sayen tsoffin ƙarafa, cikin akwatin da Kafinta ya haɗa da hannunsa. An hana mai tabarau taɓa akwatin.

Ɗazu ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya cire tabaran. "Yaya, ka yafe ni."

Kafinta bai ɗago ba. Ya nuna akwatin da bakin zarto.

Ƙanin matar ya durƙusa cikin garin katako, ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji: "Tsohuwa, ba ki da laifi. Ki yi haƙuri."